Yaren da Jidda Ta Kasa Ji

Ranar da aka sauko da mutumin daga jirgin ruwan dakon kaya, kansa naɗe da bandeji, Abdulghani ya ɗauka aikin shan shayi ne. Shi ne tafintan ƙaramin asibitin bakin tashar Jidda, kuma yana ji da kansa. Hausa ya sha a nono a unguwar Hindawiyya, Larabci ya tsinta a titi, Jawanci kuwa wajen yi wa alhazan Jawa hidima.

Ya gwada duka ukun, ya ƙara da ɗan Turancinsa. Mutumin ya damƙe hannunsa, ya faɗi wata magana, ya sake faɗa, yana jiran amsa. Ko kalma ɗaya Abdulghani bai kama ba.

Wakilin jirgin ya ce da can mutumin yana jin Turanci, buguwar kai ce ta share shi, ta bar masa yaren uwarsa kaɗai. Takardarsa ta nuna daga Pingelap yake, wani ɗan tsibiri can tsakiyar tekun Pasifik. Jirgin ya tashi ya bar shi.

"Ba zai daɗe ba," in ji likita. "Aƙalla a nemo wanda zai ji abin da yake so."

Abdulghani bai damu ba tukuna. Jidda ce fa, inda kowane harshe na duniya yake zuwa aikin hajji. Ya kawo wani mai sayar da yadi daga Bab Makka, mutumin Mindanao, wanda ya saurara ya ce ya ji wani abu kamar "biyar". Ya kawo wani kuku ɗan Madagaska, shi kuma ya ce ya ji "ido". Biyar da ido ba sa haɗa wasiyya.

Daga ƙarshe ya ɗauko Haji Yahya, tsohon Bajawe da ya yi akawun jirgi a waɗancan tekuna. Tsohon ya daɗe yana kasa kunne, sannan ya girgiza kai.

"Ɗana, kakarmu ɗaya da su. Kwalekwale ne ya raba mu, mu muka tsaya kusa, su suka yi ta gabas. Tsibiran Ponape, Mokil, Ngatik da wannan nasa, su ne 'yan ɗaki ɗaya. Ni kamannin hanci kawai nake gani."

Kowace safiya muryar mutumin na ƙara dusashewa, amma maganar ba ta canza ba. Abdulghani ya haddace ta tsaf kamar aku. Abin ya tsaya masa a rai, don bai taɓa jin rashin amfaninsa irin na wannan mako ba.

A gida ma bai bar ta ba. Ana cin abinci ya maimaita ta da ƙarfi, ko Allah zai sa ma'ana ta faɗo.

"Halas, ya isa haka, ka ishe mu," in ji mahaifiyarsa Barakatu, da faɗan da bai dace da laifin ba. "Ci abincinka."

Mahaifinsa yana can lungun da ya saba zama, inda haske ba ya kaiwa. Husaini sunansa, amma Hindawiyya duk Bebe take ce masa. Idanunsa ba sa jure rana, ba ya bambanta jan zare da kore, sai magariba ta kusa yake fita, ya zauna bakin teku. Yayan Barakatu ne ya tsince shi a tasha shekaru da yawa da suka wuce, baƙi ƙirin da ƙurar kwal, ya kawo shi cikin Hausawa. In an yi zancen takardu, Barakatu takan ce shirunsa ne iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, askarin da ke kamen baƙi ba ya ɓata lokaci kan bebe. Abdulghani ya sha raya wa ransa cewa zai ba da harsunansa uku don ya ji tsohon nan ya kira sunansa sau ɗaya.

A ranar tsohon ya wanke hannu bai ƙoshi ba.

Washegari aka ce akwai wani matuƙin jirgi a unguwar Ammariyya da ya san tsibiran. Abdulghani ya yini yana bin lunguna, ya tarar matuƙin ya koma jirgi tun jiya. Ya kamo hanyar asibiti bayan magariba, hannu rabbana, yana tsoron ya samu an rufe fuskar baƙon da mayafi.

Tun daga baranda ya ji muryoyi biyu. Ɗaya ya san ta, ta mara lafiyar ce, yau har da dariya a cikinta. Ɗayar babba ce, mai tsatsa, tana tuntuɓe tana tashi, tana zubo yaren nan ba tsayawa. Ya yi hamdala, ya ce wakilin jirgi ya samo wani.

Ya ɗaga labule don ya yi wa tafintan godiya. Tsohon da ke riƙe da hannun baƙon ya ƙanƙance ido saboda hasken fitila, ya dubi ɗansa, ya ce, "Abdulghani."