Gyaran da Ba a Karɓa Ba

Da hantsi Nicanor ya iso rumfar Delfina a kasuwar Tupiza, goye da jakarsa. Rabonta da ganin jakar nan tun ranar da ya sauka garin, wata biyu ke nan. Ta markaɗa masa gwanda da madara kamar kullum.

Ita ta koya masa zaman garin da araha: ya ci abincin rana a kasuwa, ya shiga motar talakawa, in ya shanye ya miƙo kofin a ƙara masa yapa, gyaran da ake yi wa mai dawowa.

"Motar Uyuni sha biyu take tashi," ya ce, idonsa a kan kofin. "Kujerar kusa da ni babu kowa, Delfina."

Ta hau goge teburin da ba shi da datti. "Rumfar fa, in goya ta kamar jakarka? Tsohuwata ko tsayuwa ba ta iyawa."

"To ki ce in zauna."

"Na taɓa riƙe wani da baki. Ko damina bai kai ba."

Ya shanye. Ta ɗaga jug ɗin tana jiran ya miƙo, sai ya kife kofin a hankali, ya juya.

"Ka zauna ta hagu a motar, rana ba ta dukan wajen," ta ce wa bayansa.

Ta tsiyaye ragowar a kofinsa, ta rufe da faranti. Har aka tashi kasuwa ba ta zubar ba.