Ƙungiya ta Huɗu ta Koci Labaran

Da tafi Malam Labaran yake tsayar da wasa, domin mai ƙungiyar ya hana busa usur. Ya tafa sau biyu, samarin suka tsaya.

"Muttaka, sau nawa zan gaya maka? Ɗan baya ba ya bin ƙwallo har ragar mutane. Koma wurinka."

Muttaka ya harare shi, ya tofar da yawu, sannan ya koma. Ƙanen mai ƙungiyar ne, ba a saba yi masa magana haka ba.

Shekara ashirin da shida Malam Labaran yana horar da 'yan ƙwallo. A Ƙanƙara ya fara. Ya yi shekara bakwai, aka cinye su sau uku a jere, aka kore shi. A Faskari ya ciyo musu kofi biyu, ranar da na ukun ya kuɓuce masa, a tashar mota aka sanar da shi an ɗauki wani. Sabuwa ce ta fi riƙe shi. Can ya yi furfura, can gwiwarsa ta lalace.

Wannan ta huɗun bai neme ta ba. A kan hanyar Sabuwa zuwa Faskari ya haɗu da Ubale, mai ƙungiyar. Wani da ya taɓa buga wasa a hannun Malam Labaran ya nuna shi, ya ce ga koci nan. Washegari ya kama aiki.

Filin wani wuri ne da aka share tsakanin itatuwa, turakun raga ɗanyen icce. Babu riguna, babu takalman kirki. Amma bai taɓa samun 'yan wasa masu numfashi irin waɗannan ba. Sai su yini suna gudu ba su nemi ruwa ba.

Wata huɗu ke nan bai ga gida ba. Matarsa Zulaihatu tana Daudawa da ciwon ƙafa, masararsa ta isa girbi, ba mai karya ta. Ya sami Ubale ya roƙa a bar shi ya tafi.

"Ka cinye mini yaran Kamilu ranar Juma'a, Baba Koci, ka kama hanyarka," in ji Ubale.

Kamilu shi ne mai ƙungiyar hayin rafi. Bara ya zura wa Ubale huɗu da nema, har yau ana yi masa dariya.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Labaran ya ɗingisa zuwa tsakiyar fili da buta, ya tsiyaya ruwa, ya tsaya yana kallon inda ya gangara. Haka yake yi a kowane fili tun yana Ƙanƙara. Kafin hutun rabin lokaci yaransa su yi hawa, bayan hutu su yi gangara, lokacin da abokan karawa sun gaji.

Mani, tsohon bakaniken da ke gyara baburan ƙungiyar, yana tsugune a gefe yana kallonsa.

"Malam, ka bari a cinye yaranka."

"Me ka ce?"

"Ni babur guda na gyara musu. Laifina, na gyara shi da kyau. Damina biyu ke nan ina nan."

"Mutumin ya ba ni magana."

"Ni ma ya ba ni."

Malam Labaran ya zubar da sauran ruwan. "Ban taɓa sayar da wasa ba, Mani. Ba da furfura zan fara ba."

Juma'a bayan La'asar aka fara. 'Yan kallo maza ne zalla, kowa zaune kan babur ɗinsa a ƙarƙashin inuwa. Minti ashirin da farawa Muttaka ya bi ƙwallo har gaba, ya bar wurinsa a buɗe, yaran Kamilu suka bi ta nan suka zura ɗaya. Haka aka tafi hutu.

Malam Labaran ya san abin da zai faru in ya bar Muttaka a ciki. Za a ƙara musu biyu, kuma ba wanda zai ga laifin koci don ya ƙi taɓa ƙanen maigida. Ya hango Mani can nesa yana girgiza masa kai.

Ya dubi yaran da ya yi wata huɗu yana koya wa tsayuwa da miƙa ƙwallo. Suna haki, idonsu a kansa.

"Muttaka, fito. Nasara, shiga wurinsa. Kada ka wuce tsakiya ko uwarka ce ta kira ka."

Muttaka ya dubi yayansa. Ubale ya daɗe bai motsa ba, sannan ya ɗaga hannu, alamar a yi yadda koci ya ce.

Gangara ta yi aikinta. Yaran Kamilu ƙafa ta yi musu nauyi, yaran Ubale suka farke, saura minti biyar aka ƙara ta biyu. Ihu ya cika dajin. Ubale ya ce a kayar da sa a yanka.

Malam Labaran ya jira hayaniya ta lafa, ya matsa kusa da shi.

"Na cika nawa. Gobe da safe in kama hanya?"

Ubale ya rungume shi yana dariya. "Kamilu ya ce a sake bayan Sallah. Haba Baba Koci, wa ya taɓa sakin wanda ya fitar da shi kunya?"

Ya yafito biyu daga cikin 'yan wasan. Suka rataya bindigoginsu, suka raka Malam Labaran gindin ɗorawar da sauran fasinjojin motar da aka tare suke zaune, suka mayar masa da sarƙa a ƙafa.