Naushin da Mai Aski Ya Gani da Idonsa

"A turmi na shida ne!" Mai aski ya ɗaga almakashi sama, ya bar kan mutum rabi a aske. "Zakaran damben duniya na ajin masu nauyi fa! Wani da ko sunansa ba mu sani ba ya sakar masa hagu a haɓa. Da idona na ga robar bakinsa ta yi tsalle!"

Shekara talatin yana ba da labarin nan, kuma shi ke riƙe masa shago, don askin nasa dai sai a hankali.

Ranar sai ga yayansa ya zo ziyara, yana zaune a benci yana murmushi.

"Baba, kai ma ka gani?" wani mai jiran layi ya tambaya.

"Mu ashirin muka gani a ɗakina, albarkacin ƙanen nan nawa."

Mai aski ya yi maza ya kunna injin aski, amma muryar Yaya ta fi ta inji.

"Hoton talabijin ne ke ta rawa, muka tura shi kan rufi ya riƙe eriya. Da hoto ya fito muka ce, 'Tsaya haka, kar ka motsa!' Zakara na faɗuwa muka ruga titi da ihu."

Kowa a shagon ya juya ya kalli mai aski.

"To, robar bakin fa?" in ji mai rabin aski.

Mai aski ya danna masa kai ƙasa. "Yaya ne ya gan ta. Ni ina can sama, ina jiran a ce in sauko."