Baduku da Littafin Ɗan Akuya

Kai Ɗanjuma, daina wannan murmushin don ka gan ni da furfura ina duba littafin yara. Zauna in ba ka misali.

An yi wani baduku a garinmu, ajami ya sani, boko kuwa ko baƙi ɗaya bai iya ba. Wata ranar kasuwa ya sayo wa 'yarsa marainiya ɗan littafi mai hotuna, ya ɗinka masa bango na jar fata. Kullum bayan la'asar sai ta hau cinyarsa ta ce a karanta mata. Shi kuwa bawan Allah, kunya ta hana shi cewa bai iya ba. Sai ya buɗe littafin ta dama yadda ya saba buɗe nasa, wato daga ƙarshe ke nan, yana bin layi da yatsa, yana duban hoto yana shirya labari. Nasa labarin yakan fara da ɗan akuya a gaban kura ta wangame baki. Ɗan akuya ya kuɓuta, ya ratsa daji, ya haye rafi, a shafin ƙarshe ga shi kwance jikin uwarsa. Yarinya ta yi ta tafi, ita da ba ta san ɗumin tata uwar ba.

Shekara talatin ta wuce. Yarinya ta zama malamar makaranta, baduku ya tsufa, ido ya tafi. Ran nan tana gyara masa adaka ta ci karo da littafin. Ta buɗe ta hagu ta karanta. Ashe ɗan akuyan nan barin uwarsa ya yi don ƙin jin magana, ya ƙare a bakin kura! Ga kuma jan rinin yatsan mahaifinta a ƙarƙashin kowane layi, har yau bai goge ba. Tsoho ya ji motsin takarda, ya laluba ya gane ɗinkinsa. Sai ya ce, "Uwata, ke da kika yi boko, karanta mini in ji abin da ke ciki da gaske." Ya san yau asirinsa zai tonu. Ta dube shi, tausayi ya kama ta, hawaye ya zubo. Sai ta juya littafin, ta buɗe shi ta dama, ta ɗora yatsanta kan jan rinin, ta faro daga bakin kura har ta kai ɗan akuya jikin uwarsa. Tsoho ya share ido ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Kin iya karatu."

To ka ji, Ɗanjuma. Abin da ya rufa mata tana ƙarama, shi ta rufa masa yana tsoho. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.