Shuɗin Kofin Gwaggo

Kofuna bakwai aka jera a kan teburin shaida, na huɗunsu shuɗi ne mai tsagaggen baki. Dogo na hango shi ya gane shi. Shekara uku ke nan da kofin nan yake shan giya.

Ranar masu giya ce a kotu, kuma abin ba ya cin lokaci. A kira mutum, ya amsa laifi, a ci shi tarar da ba ta kai kuɗin takalmi ba, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Wanda ya yi gardama kuwa sai an kira shaidu, a tone asirin kowa. Wani direba ya amsa. Mai gyaran rediyo ya amsa, har da 'yar dariyarsa. Dogo dai yana zaune, gumi na bin bayansa, alhali fanka saitin kansa take. Fita babu hali, ko tari ya yi sai an kalle shi.

Sai aka kira Gwaggo, mai ɗakin da aka kai wa samame. Tsohuwar nan kowane mai saye da kofinsa, ba ta taɓa rikita su, ga baki ba linzami. Ita ta raɗa masa Dogo, kuma duk duniya ba mai kiransa haka sai ita. In ta nuna shi, aiki ya tafi. Matarsa kuwa, baiwar Allah da ta ɗauka ciwon haƙori ke sa shi taunar kanumfari, da wane ido zai dube ta? Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba tunda uwarsa ta haife shi.

Mai gabatar da ƙara sabon zuwa ne, suna yake nema ido rufe. Ya ɗaga shuɗin kofin, ya ce in ta faɗi masu kofunan nan, shi da kansa zai roƙa a yi mata sassauci.

Gwaggo ta bi kotun da kallo a hankali, benci bayan benci. Sannan ta ɗaga kai, idonta ya sauka a kan Dogo ya tsaya.

"Ɗan nan," ta ce da mai ƙarar, "tsufa ya ci min ido. Kofuna nawa ne, giya tawa ce. Na amsa laifina." Ta ƙara da cewa shuɗin dai a taimaka a mayar mata, mai shi mutumin kirki ne, ba ya iya sha da wani.

Kotu ta kwashe da dariya. Ɗan sanda ya daka tsawa, aka yi tsit, kowa ya zuba ido.

Dogo ya gyara baƙar rigarsa ta alƙalanci, ya yanke mata tara mafi ƙanƙanta da doka ta yarda alƙali ya yanke.