Karen Nomau Mai Karkataccen Kai

Tunda ka ce abin da ido ya gani ba ya bukatar tambaya, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani mai lambu a bakin fadama ana ce da shi Nomau, yana da baƙin kare mai suna Duna wanda ke yi masa gadin kankana da tumatir. Wata safiya ya tarar da karen ya karkata kai gefe guda kamar mai sauraron gulma, yana ta zagaye a wuri ɗaya, yana cin karo da randa. Da ya dafa shi sai ya ji jiki zafi rau, wuya kuma ya sandare. Kafin azahar Duna ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Nan da nan magana ta zaga unguwa cewa karen Nomau ya haukace. Maza suka fito da gora, mata suka kora yara ɗaka.

Nomau bai ga laifin kowa ba. Ya san cizon mahaukacin kare ba ya barin rai, shi ma kuwa yana da jikoki suna rarrafe a tsakar gida. Sai dai wani abu ya tsaya masa a zuciya. Da karen ya farfaɗo bai yi kan kowa ba. Jan jiki ya yi zuwa kaskonsa ya sha ruwa, da ya ji muryar ubangidansa kuma ya kaɗa wutsiya. Sai Nomau ya roƙi mai unguwa a ɗaga masa ƙafa ya kai shi asibitin dabbobi, in can suka ce hauka ne, shi da kansa zai sallama. Mai unguwa ya yarda, da sharaɗin kada karen ya sake taka ƙasar unguwa sai da bakin likita. Aka sa wa Duna takunkumi, aka tura shi cikin kejin katako, aka ɗaure a amalanke. Haka Nomau ya turo shi har cikin gari, gumi sharkaf, masu shayi na tsokanarsa wai yau bawa ne a sama, ubangiji a ƙasa.

Likitar da ya tarar mace ce mai sanyin magana. Ba ta ce masa hauka ne ba, ba ta kuma ce ba shi ba ne. Ta killace karen a ɗaki shi kaɗai, ta zaunar da Nomau ta yi ta tambaya: ko an yi masa allurar rigakafin hauka, ko wani kare ya cije shi, ko ya ci guba, ko ya faɗo daga wani wuri. Nomau ya ce rigakafi kam an yi masa bana, cizo kuwa bai ga tabo ba. Ta ce duk da haka sai an sa masa ido, domin kare mai hauka ba ya daɗewa a raye bayan ciwon ya bayyana. Kullum Nomau sai ya zo ya leƙa ta taga, kullum kuma ya tarar da Duna da rai, kai a karkace, yana neman abinci. Da kwanakin suka wuce, likita ta ɗebi jininsa, ta sa shi barci ta zuƙo ɗan ruwa daga bayan wuyansa, aka duba a na'ura. Daga nan ta kira Nomau.

"Baba, ba hauka ba ne," in ji ta. "Ƙwaƙwalwarsa ce ta kumbura. Dakarun jikinsa da ya kamata su yaƙi cuta su ne suka juya suna yaƙar gida. Akwai magani, amma sai ka yi haƙuri da shi."

Ta ba shi ƙwayoyi masu kwantar da kumburi, ta ja masa kunne cewa ko ya ga sauƙi kada ya yanke maganin rana ɗaya, ita za ta riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, kuma ciwon yana iya waiwayowa, in ya ga alama ya garzayo. Ta kuma aika wa mai unguwa saƙo cewa kare ya dawo gida, babu abin tsoro.

Nomau ya riƙa cusa ƙwayar a lomar tuwo, Duna na haɗiyewa bai ma san an yi ba. Zagayen ya tsaya, wuya ya saki, faɗuwar ta ɗauke. Abin da likita ta faɗa a kan maganin shi ma ya tabbata, cewa yana buɗe ciki. Karen ya kama ci kamar mai ramuwar fari, har matar Nomau ta ce in haka za a ci gaba, sai dai a raba musu tukunya. Kafin kankana ta nuna ya koma bakin aikinsa, ya yi ɓul-ɓul, kan dai bai gama miƙewa ba. Nomau kuwa in ya zauna a inuwa yana kallonsa yana sintiri tsakanin kunyoyin lambu, sai ya yi murmushi, ya tuna saura ƙiris a kashe marar lafiya da sunan mahaukaci.

To ka ji. Kumfar baki ɗaya ce, faɗuwar ma iri ɗaya, amma ciwon daban. Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.