Ɗigo Arba'in

"Ni dai faɗa mini gaskiya, Injiniya. Jirgin ne ya ci amanar ɗana, ko ɗana ne ya yi sakaci?"

Amarya tana bayan labule da tiren shayi ta ji tambayar. Shekararta biyu a gidan, amma har yau Amarya ake ce mata, kuma har yau ba ta shiga falo in da baƙi sai an kira ta. Mai tambayar mahaifiyar matuƙin ƙaramin jirgin saman nan ce da ya faɗi watan jiya, ya mutu tare da fasinja biyar. Mijin Amarya kwamitin bincike ya ɗora wa lissafin yadda jirgin ya sauko. Ya ce wa tsohuwar ta kwantar da hankalinta, lamba ba ta ƙarya, shi kuma ba zai koya wa lambar ba.

A teburin cin abinci ya baje aikin. Na'urar jirgin ta rubuta nisansa daga ƙasa kowace daƙiƙa, sai dai lambobin kyarma suke yi kamar mai zazzaɓi, wannan ta haura, ta bayanta ta gangara. Da ya zuba su a takarda sai suka fito ɗigo-ɗigo, kamar an watsa wa kaji tsaba.

Amarya a firamare ta tsaya, amma akwai ta da ido. Da ya ga tana ta goge gefen tebur ɗaya, ya jawo mata kujera. Ya ce in mutum ya biye wa ɗigo biyu da ke maƙwabtaka, sai ya rantse jirgin tsalle yake kamar ɗan akuya. Shi ya sa ake haɗa biyar-biyar a ɗauki tsakiyarsu, a ja layi. Gangarar layin ita ce saurin saukowa.

"Kamar hannun Baba ke nan," ta ce a hankali. "Kofin na rawa, amma ka san baki ya nufa."

Ya yi dariya har da tafi, ya ce ita ta dace da kujerar kwamiti. Yana ji da surukin nasa, wanda ya tsufa yana aikin makaniken jirgin sama. A wurin aikin Baba ma ya fara ganinta, ranar da ta kai abinci.

Layin ya tafi sumul, sai ya karye lokaci ɗaya ya yi gwiwa, ya nufi ƙasa. Injiniya ya ɗora yatsa a wurin. Ya ce babu matuƙin da ke haka da hannunsa, wani abu ne ya tsinke a wutsiyar jirgin. Gobe zai nemi fayil ɗin gyara.

Ran Laraba fayil ya zo. Ya dawo gida bai taɓa abinci ba. Da la'asar motar ogansu ta tsaya a ƙofa, suka rufe falo.

Kashegari ya sake lissafi. Ya haɗa goma-goma, ya haɗa ashirin-ashirin. Da ya kai arba'in, karayar ta kwanta, layin ya koma gangara mai laushi, irin ta mutumin da hankalinsa ya tafi wani wuri jirgi na zamewa.

"Ina gwiwar ta shiga?" ta tambaya.

"Kyarmar na'ura ce. Je ki duba girkinki."

Bai taɓa yi mata magana haka ba. Takardar farko kuwa ya dunƙule ta ya jefa a kwandon shara. Ta tsinto ta, ta miƙar da ita da dutsen guga, ta ɓoye ƙarƙashin zannuwanta.

Rahoto ya fita, laifin matuƙi ne. Tsohuwar ta dawo ta ji da kunnenta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta gode da bai ɓoye mata ba, Allah ya yi masa albarka. A bakin ƙofa ta daɗe tana laluben takalminta da ƙafa, alhali yana gabanta.

Tun daga ranar Amarya ta daina kallon fuskar mijinta. Ta ajiye abinci ta juya. Ashe mai cewa lamba ba ta ƙarya, ziyarar oga ɗaya ta ishe shi. Ta so ta je gida ta amayar wa Baba abin da ke cinta, sai aka aiko cewa ba ya jin daɗi, ya ma ajiye aiki, kada ta wahalar da kanta.

Ta yanke shawara ita da ranta. Za ta kai wa tsohuwar takardar, ko da hakan zai ci aurenta. Adireshi kawai ya rage mata.

Da safe yana wanka ta buɗe jakarsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta kai ga adireshin ba. Fayil ɗin gyara ta fara cin karo da shi, a shafin ƙarshe, inda wanda ya ɗaure wayar wutsiya yake sa hannu cewa ya duba, lafiya lau.

Ta rufe jakar yadda ta same ta. Ta shiga kicin ta kunna risho, ta riƙe takardar gwiwar a kan wuta har ta ƙone, zafi ya taɓa yatsunta. Da ya fito ta zuba masa shayi, ta kai masa har hannu. Babu mai ji daga bakinta, tsohuwar ko shi kansa. Sa hannun ya yi kyarma sosai, amma ta san inda ya nufa, don shi ne Baba ke yi a ƙasan kowace takardar sakamakonta ta firamare.